An rubuta pT3 N0 a takardar Hammana, wa zai fassara mana?

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masu sani ku agaza. Babban wanmu aka yi wa aikin hanji sati uku da suka wuce, shekarunsa 47. Ya kusa shekara yana ganin jini a bayan gida, mu duka muna cewa basir ne, babu jiƙon da bai sha ba. Sai da ya rame, jininsa ya yi ƙasa har aka ƙara masa leda biyu, sannan aka zura masa na'urar leƙa hanji aka ga ƙari a ɓangaren hagu. An yanke wurin an haɗa, ba a sa masa jakar bayan gida ba, yanzu yana cin tuwonsa. Jiya na karɓo takardar gwajin naman. An rubuta pT3, N0, a gefe an sa 0/7, an rubuta G2, an ce LVI akwai, bakin yanka kuma babu komai. Likita ɗaya ya ce mu gode wa Allah mataki na biyu ne. Wani kuma da muka nuna wa ya ɗan yi shiru, ya ce shi dai da za a yi kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji. To wanne za mu kama? Kwana na yi ban runtsa ba.

Sista Rahila: Sannu Maman Ilham. Allah ya ba Hamma lafiya. Bari Dakta Sa'a ta fito, wannan gonarta ce.

Ɗan Bolari: Allah ya sawwaƙe. Amma ni tun farko da kun tambaye ni da ban bari an sa masa wuƙa ba. Kowa ya san daji in ƙarfe ya taɓa shi bazuwa yake. Yanzu kuma za a ƙara masa da kemo, ƙarfin da ya rage a tsotse.

Maman Ilham: Ɗan Bolari aikin gama ya gama. Ni fassarar takarda nake nema.

Dakta Sa'a: Wa alaikumus salam. Maman Ilham, ki ja numfashi, takardar nan ba ta yi muni ba, kuma likitocin biyu babu wanda ya yi ƙarya. Ni aikina ke nan, duba naman da aka ciro a ƙarƙashin madubin ƙara girma, don haka bari in bi miki ita layi layi.

Kin taɓa wanke hanjin rago ranar layya ai. Ciki akwai wannan shimfiɗa mai santsi, bayanta akwai wata 'yar fata, sai naman da yake motsa hanjin, sai kitsen da yake manne daga waje. Ciwon daga shimfiɗar ciki yake farawa ya riƙa ci yana fita. Harafin T yana faɗin inda ya kai. T1 yana can ƙarƙashin shimfiɗar, T2 ya shiga naman, T3 ya ratsa naman ya leƙa cikin kitsen, T4 ya huda har waje ko ya kama wata gaɓa ta kusa kamar mafitsara. Ƙaramin p ɗin da ke gaba yana nufin da ido aka gani a madubi bayan aiki, ba kintacen hoto ba ne.

N kuwa kaluluwa ce. A cikin kitsen nan akwai 'yan ƙwayoyi kamar wake, su ne masu tace ruwan da yake fitowa daga hanji, kuma su ne zangon farko idan ciwon zai yi tafiya. 0/7 na nufin an samo guda 7, an duba, babu wadda ciwo ya shiga. Da an samu a 1 zuwa 3 sai a rubuta N1, 4 ko fiye N2. T3 da N0, idan hoto bai nuna komai a hanta ko huhu ba, mataki na biyu ke nan. Likitan farko abin da ya gani ke nan ya yi murna.

Maman Ilham: Hoton hanta da ƙirji an ce lafiya lau. To shi na biyun me ya gani?

Dakta Sa'a: Lamba 7 ya gani, da LVI. Ƙa'ida ita ce a duba kaluluwa aƙalla 12 kafin a natsu da cewa babu. Ki ɗauka kin je Tudun Hatsi sayen buhun wake. Idan kika soka ƙarfe sau ɗaya kika ga babu ƙwari, kin samu labari, amma wadda ta soka sama da tsakiya da gindi ta fi ki natsuwa. N0 a kan 7 bai kai N0 a kan 18 nauyi ba. LVI kuma yana nufin an ga ƙwayoyin ciwon a cikin 'yan siraran magudanan ruwa ko na jini da ke jikin ƙarin. Ba a ce sun isa wani wuri ba, amma an gan su a bakin hanya da kayansu. Waɗannan biyun suna cikin alamomin da suke sa a kira mataki na biyu mai haɗari. Sauran su ne T4, ko ciwon ya toshe hanji ko ya huda shi, ko ya bi jikin jijiya, ko ƙwayoyin sun rikiɗe sosai har ba sa kama da na hanji. Na Hamma G2 ne, tsaka-tsaki, wannan ba abin damuwa ba ne.

A mataki na biyu maras waɗannan alamomi, ribar kemo ƙarama ce, ba ta kai mutum 5 cikin 100 ba, shi ya sa sau da yawa ake barin mutum ya huta a riƙa bibiya. Idan akwai alamomin ne ake zama a auna.

Abu Lab: Ranki ya daɗe, in ɗan sa baki daga wajen masu yanka. Samo kaluluwa aikin yatsa ne da haƙuri. Za ka shimfiɗa kitsen ka yi ta yanka siriri siriri kana latsawa, wata ba ta kai ƙwayar dawa ba. Ranar da kwantena ta yi yawa kuma wuta ta ɗauke, mutum zai iya samun 7 ya tashi. Wani lokaci kuma kitsen da likitan fiɗa ya haɗo ne bai da yawa. Abin da nake so Maman Ilham ta sani: ba duka naman ake sakawa a madubi ba. Ana gutsurar wurare ne, a zuba su cikin kakin kyandir su daskare, a shafto siriri a ɗora kan gilashi a rina. Ragowar naman yana nan cikin roba da fomalin, ruwan maganin hana ruɓewa, na wasu makonni kafin a kawar da shi. Sati uku ai akwai yiwuwar yana nan. Gobe da sassafe ki je, ki roƙi likitansa ya rubuta a sake neman kaluluwa a ragowar. Ba rashin kunya ba ne, ana yi.

Dakta Sa'a: Abu ya riga ni. Haka za a yi.

Goggo Asabe: Ni wannan magana ta tayar min da miki. Marigayi maigidana a wani ɗan asibitin kuɗi aka yi masa aikin, ba zan faɗi suna ba. Aka miƙo mana naman a robar fenti, da ɗan ruwa a ƙasa ko rabinsa bai rufe ba, aka ce mu kai gwaji da kanmu. Ranar Juma'a ce da yamma. Ƙaninsa ya ce a binne kawai, ai sashen jikin mutum ne. Muka yi ta jayayya har Litinin, robar tana ɗakin ajiya cikin zafin watan Afrilu. Da na kai daga Kumo, mai karɓa yana buɗewa ya kau da kai. Takardar da ta fito layi biyu ce: naman ya lalace, ba a iya karanta shi. Muka zauna babu mataki babu komai. Bayan wata goma sha huɗu ya dawo a hanta. Ban ce da an karanta da bai rasu ba, kwanansa ne ya ƙare. Amma har yau ina jin a duhu muka yi jinyarsa.

Sista Rahila: Ayya Goggo. Allah ya jiƙansa.

Abu Lab: Allah ya gafarta masa Goggo. Wannan shi ne abin da yake ci mana rai. Nama yana fita daga jiki yake fara ruɓewa. Dole ya shiga fomalin nan take, kuma ruwan ya ninka naman kamar sau goma, a tsaga hanjin don maganin ya ratsa ciki. Ba ruwan gishiri ba, ba firiza ba, ƙanƙara tana farfasa ƙwayoyin. Duk wanda aka miƙa wa roba ya leƙa ya ga naman ya nutse tukuna.

Ɗan Bolari: To ku yi min bayani. Ku likitoci kukan ce kashi kaza zai rayu kashi kaza ba zai rayu ba. Wannan ba shiga hurumin Ubangiji ba ne? Gilashi da rini su gaya maka ajalin mutum? Malam Buba kana ina?

Malam Buba: Ina nan ina karantawa Ɗan Bolari. Ka bambanta abu biyu. Wanda ya ce wane zai mutu ranar kaza, ya yi da'awar gaibu, ko likita ne ko boka. Amma manomin Dukku da ya ga hadari ya haɗo daga gabas ya ce a kwashe shanya, bai yi da'awar komai ba, alama ya gani wadda Allah ya saba gudanar da al'ada a kanta. Wani lokaci a yi ruwan, wani lokaci iska ta watsa shi. Sayyidina Umar da ya ji annoba ta ɓarke a Sham ya juya da jama'arsa, aka ce masa gudun ƙaddara kake? Ya ce daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Batun binne abin da aka yanke kuwa, girmama ɗan Adam ne ya sa ake yi, kuma abu ne mai kyau. Sai dai mai jikin yana raye yana buƙatar a san ciwonsa, haƙƙinsa ne kan gaba. A gama gwaji, in ana son ragowar a nema a binne.

Dakta Sa'a: Allah ya gafarta Malam, ka hutar da ni. Kuma ni kaina ba na son yadda wasunmu suke jefa wa mutane lissafi. Idan na ce 90 cikin 100, labarin taron mutum ɗari nake bayarwa waɗanda takardarsu ta yi kama. Hamma mutum ɗaya ne, ba zai rayu kashi 90 ya mutu kashi 10 ba. Amfanin lissafin shi ne a san wa za a wahalar da kemo, wa za a ƙyale.

Tunda an taɓo maganar: a ƙididdigar Amurka, idan ciwon bai fita daga hanji ba, kusan 90 cikin 100 suna kai shekara 5. Idan ya kai kaluluwa, kusan 70. Idan ya kai hanta ko huhu, ƙasa da 20. Ka lura Ɗan Bolari, waɗancan 90 ɗin kusan duk wuƙa ce ta yi musu aiki. Abin da ya sa mutanenmu suke cewa ƙarfe yana baza shi, sai mutum ya shekara biyu yana shan maganin basir, a kawo shi ciwo ya riga ya cika ciki, a buɗe a rufe, bayan wata uku ya rasu, sai a ce aikin ne. Ba a ganin wanda aka yi wa da wuri saboda shi yana kasuwa yana harkarsa, ba ya yawo da allo a wuya.

Bappa Jauro: Ga ɗaya nan yana magana. Shekara shida ke nan da aka yanke min, nawa har kaluluwa biyu ya kama. Jiya ma ni na tuƙo mota daga Bajoga.

Ɗan Bolari: Bappa ashe kai ma? Wallahi ban sani ba.

Bappa Jauro: Ina za ka sani ɗana, ai ba a shela. Ko surukaina cewa aka yi gyambon ciki ne.

Dakta Umar: Na shigo a makare, muna ɗakin aiki. A matsayina na mai yankan, abin da na fara nema a takarda shi ne bakin yanka, domin shi ne jarrabawata. Na Hamma babu komai, alhamdu lillahi. A babban hanji wannan bai cika ba da wahala ba, akwai fili. A dubura ne ake gumi, wurin matsattse ne cikin ƙugu. A 1982 wani likitan fiɗa a Ingila, Bill Heald, ya nuna cewa a ciro duburar tare da jakar kitsen da ke lulluɓe da ita ba tare da an yaga ta ba. A 1986 kuma Phil Quirke a Leeds, shi irin aikin Dakta Sa'a yake, ya nuna cewa idan ciwon ya taɓa gefen da aka yanka ta kewaye, dawowarsa a wurin ta fi yawa nesa ba kusa ba. Har yau idan tazarar ba ta wuce milimita 1 ba, ana ɗaukar bakin yankan bai tsira ba. Milimita ɗaya fa, kaurin farce.

Shi kansa wannan tsari na mataki daga mai duba nama ya samo asali. Cuthbert Dukes a asibitin St Mark's na Landan ne ya kasa ciwon dubura A, B, C a 1932, gwargwadon zurfinsa da ko ya kai kaluluwa. Tsofaffin malamanmu har yanzu Dukes B suke cewa. TNM da ake rubutawa yanzu, wato T da N da M mai nuna ko ciwon ya yi nisa, Bafaranshe ne, Pierre Denoix, ya faro shi a shekarun 1940. Sama da shekara 90 tun Dukes amma tambayoyin ba su canja ba: ina ya kai, ya shiga kaluluwa, ya yi nisa.

Injiniya Sadik: Dakta, to ai nan ne nake ganin an bar mu a baya. Yanzu ana ɗaukar hoton gilashin a ba kwamfuta, ita ta koya daga dubban marasa lafiya. Masu bincike a Norway sun wallafa irin wannan a 2020, na'urar tana kallon gilashin da aka rina ta raba masu kyakkyawan zato da masu haɗari. A Ostireliya kuma a 2022 an gwada jinin masu mataki na biyu bayan aiki, ana neman ɓurɓushin ciwon. Waɗanda aka bi da gwajin jini kashi 15 kawai aka yi wa kemo, waɗanda aka bi da tsohuwar hanya kashi 28, kuma sakamako bai bambanta ba. Wannan ai shi ne amsar Maman Ilham kai tsaye. Me ya sa muke nan muna latsa kitse da yatsa?

Abu Lab: Injiniya, kawo mana injin ɗaukar hoton da wutar da ba ta ɗaukewa, mu ma mu huta da latsa kitsen 😄

Dakta Sa'a: Abin da ka faɗa gaskiya ne Sadik, ina bin waɗannan ayyukan kuma suna burge ni. Amma kwamfutar nan abin da aka ɗora kan gilashi take gani. Kaluluwar da aka bari a roba ba za ta gan ta ba, naman Goggo da ya kwana uku a zafi ba za ta karanta shi ba. Sannan da naman Turawa aka koyar da ita, kuma akwai dalilin da zai sa mu yi hattara. Akwai wani nau'i na wannan ciwo da ake kira MSI, inda ma'aikatan da suke gyara kurakuran ƙwayar halitta suka daina aiki. A ƙasashen Turawa kusan 15 cikin 100 ne. Binciken da likitocin Ile-Ife suka yi tare da wata cibiyar daji ta New York, aka wallafa a 2021, ya samu kusan 28 cikin 100 a 'yan Najeriya. Kusan ninki biyu. Kuma namu sun fi kamuwa da ƙuruciya. Ma'aunin da aka yanka wa wani ba lallai ya zauna mana daidai ba.

Wannan MSI ɗin ma shi ne abu na biyu da zan so a yi wa Hamma. Ba sai an sake taɓa shi ba, daga dunƙulen kakin nan za a shafto a rina da wasu sinadarai guda huɗu, MLH1, MSH2, MSH6, PMS2. In ba a yi a nan, ana aika dunƙulen wani gari. Idan ya fito MSI ne a mataki na biyu, labari ne mai daɗi, irin wannan bai cika dawowa ba, kuma ƙwayar kemo ita kaɗai ba ta ƙara masa komai, sai a hutar da shi. Dalili kuwa ciwon ya cika kurakurai har garkuwar jiki tana gane shi da wuri. A madubi za ki ga sojojin jini sun yi masa dafifi. Jérôme Galon a Faransa ya nuna tun 2006 cewa yawan waɗannan sojoji a cikin ƙari yana faɗin makoma sosai. Su ne kuma sababbin magungunan tayar da garkuwa suke yi wa aiki: a 2022 an ba masu ciwon dubura irin wannan su 12 wani magani a New York, duka 12 ƙarin ya ɓace. Kuɗinsa dai kada ma a tambaya.

Injiniya Sadik: Na karɓa ranki ya daɗe. Amma wata rana sai mun kawo injin nan Gombe.

Dakta Sa'a: Ranar ni zan fara yi maka guɗa. Kafin nan akwai abin da ido da madubi suke iya yi kyauta, ba ma rubutawa. Ana kiransa toho. A bakin gaban ƙarin, inda yake cin nama mai lafiya, wani lokaci za ka ga ƙwaya ɗaya ko 'yan ƙwayoyin da ba su wuce 4 ba sun ɓalle daga uwar sun yi gaba su kaɗai. A taron da aka yi a Bern ta Suwizalan a 2016 aka daidaita ƙirgarsu: 0 zuwa 4 kaɗan ne, 5 zuwa 9 tsaka-tsaki, 10 ko fiye ya yi yawa, kuma mai yawa alama ce ta haɗari a mataki na biyu. Minti biyar ne aikin. Maman Ilham ki haɗa da wannan a roƙonki.

Sista Rahila: Ni tawa tambayar daban ce. Maman Ilham, shi Hamman ya san abin da ke takardar?

Maman Ilham: Hmm Sista. Ya san an cire ƙari. Ba mu furta masa kalmar daji ba. Dada ta ce kada a gaya masa, zuciyarsa za ta karye.

Sista Rahila: Na fahimci Dada, uwa ce. Amma shekarata 19 a gefen gado, ban taɓa ganin wanda aka ɓoye wa bai gane ba. Yana ganin kuna fita waje da likita kuna dawowa da jan ido. Kuma mutumin da za a ce ya riƙa zuwa gwajin jinin CEA mai nuna alamar dawowar ciwon duk wata uku zuwa shida, a yi masa hoto, a sake leƙa hanjin bayan shekara, har tsawon shekara 5, ta yaya zai jure in bai san dalili ba? Da ya ji ƙarfi zai ce ya warke ya daina zuwa. Alhali in zai dawo, yawanci cikin shekara 3 na farko yake dawowa, kuma ko a hanta ne in an kama shi ƙarami ana iya yankewa.

Bappa Jauro: Gaskiyarki Sista. Ni a bakin wani yaro mai tura keken marasa lafiya na ji nawa. Na fi wata ina fushi da iyalina, ba don ciwon ba, don sun mai da ni ƙaramin yaro. 'Yata ki samu Dada ki lallashe ta. In kuna so ni zan zo in zauna da shi, ya ga mutum da idonsa.

Maman Ilham: Bappa na gode, Allah ya saka. Zan yi magana da ita.

Dakta Umar: Maman Ilham, ke shekarunki nawa, in ba damuwa?

Maman Ilham: 39 Dakta. Lafiya?

Dakta Umar: Lafiya ƙalau, amma takardar nan ba ta Hamma kaɗai ba ce. Wanda ɗan'uwansa na jini ya kamu, ana so a leƙa hanjinsa yana ɗan 40, ko shekara 10 kafin shekarun da ɗan'uwan ya kamu, wanda ya riga zuwa. 47 a cire 10, 37. Kin ga ke har kin wuce da biyu. Ku nawa ne a ɗakinku? Kuma ki tambayi Dada ko a dangi an taɓa yin mai ciwon hanji ko na mahaifa da ƙuruciya, domin akwai na gado da ake kira Lynch, kusan 3 cikin 100 na masu ciwon nan, kuma rinin nan huɗu da Dakta Sa'a ta faɗa shi ne yake fara tona shi. Yawancin ciwon nan daga ɗan tsiro yake farawa, ya yi shekaru kafin ya rikiɗe. In an gan shi lokacin leƙawa a take ake tsinke shi.

Maman Ilham: Mu shida ne. Innalillahi, na zo tambayar wani na tafi da tawa.

Ɗan Bolari: Dakta Umar, wannan leƙawar, mutum yana farke ake yi? Ba don kaina nake tambaya ba.

Abu Lab: Mun ji, don maƙwabcinka ne 😂

Dakta Umar: Ana ba da allurar da za ta sa mutum gyangyaɗi. Wahalar tana daren jajibiri, wajen shan maganin wanke ciki. Ka ce wa maƙwabcin naka in yana ganin jini ya zo a duba, kada ya yanke wa kansa hukuncin basir.

*Bayan kwana tara*

Maman Ilham: Salam jama'a. Na dawo da labari. Ragowar naman yana nan, an sake dubawa. An samo ƙarin kaluluwa 8, sun zama 15. Ɗaya daga ciki akwai ciwo. Yanzu an gyara takardar ta koma N1, 1/15, an ce mataki na uku. Rinin huɗun ma ya dawo, an ce ba MSI ba ne. Wallahi da na karanta sai da na zauna a kan dakalin lab ɗin, na ce da ban tono ba. Ni na kai shi daga biyu zuwa uku.

Dakta Sa'a: A'a 'yar'uwa, kada ki ɗora wa kanki. Kaluluwar nan tun ranar aiki take cikin roba, ba ta jikinsa. Ranar da kika rubuto mana ma mataki na uku yake, mu ne ba mu sani ba. Da kin yi shiru da wataƙila an sallame shi babu kemo. Yanzu babu sauran jayayya tsakanin likitocin nan biyu, mataki na uku ana yin kemo, kuma a nan ribarsa a fili take. T3 da N1 yana cikin masu sauƙin mataki na uku. Wani babban nazari na 2018 a kan mutum kusan 13,000 ya nuna cewa ga irinsu wata 3 na haɗin kemo da ake kira CAPOX ya kusa daidai da wata 6, kuma lalacewar jijiyar hannu da ƙafa ta ragu sosai. Likitan daji ne zai yanke, amma ki tambaye shi wannan. Abin da ba na so shi ne jinkiri: ana so a fara cikin sati 6 zuwa 8 bayan aiki, ku kuma kun shiga na biyar.

Maman Ilham: Sun ba mu ranar Talata. Kuma mun gaya masa. Bappa ya zo shekaranjiya bayan la'asar, suka shiga zaure su biyu har magariba. Da ya fito cewa ya yi ai tun a gadon asibiti ya sani, yana dai tausayin Dada ne.

Malam Buba: Alhamdu lillahi. Allah ya sa kaffara ne, ya ba shi lafiya mai ɗorewa.

Maman Ilham: Amin Malam. Bappa, yana tambaya wai da gaske ne ba zai sha ruwan sanyi ba?

Bappa Jauro: Da gaske ne. Duk sati uku za a sa masa ƙarin ruwa sau ɗaya, ya sha ƙwayoyi sati biyu, ya huta sati ɗaya. Kwanakin farko bayan ƙarin ruwan, in ya kurɓi mai sanyi zai ji kamar an shaƙe masa maƙogwaro, in ya taɓa ƙarfe mai sanyi kamar lantarki ya ja shi. Ga hunturu ya kawo kai. Ki saya masa safar hannu da ta ƙafa a Babbar Kasuwa tun yanzu, ruwan alwala a riƙa ɗumama masa, kunu da shayi kada su yanke a filas. Tafin hannu in ya fara ja yana tsagewa a shafa masa man kaɗe kuma a gaya wa likita, kada ya daure ya yi shiru. Ranar Talata ƙarfe nawa ne? In na sauke fasinjan farko zan biyo in kai ku.

Maman Ilham: Ƙarfe takwas Bappa. Ni ma sun rubuta min tawa ranar, sati mai zuwa, ni da Adda.